Dukiya Da Tsabta: Darasin Da Na Koya Daga Garin Wadanni

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, maƙasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in bayyana muku wani darasi da na koya a inda ban yi tsammani ba, watau a cikin wasan kwamfuta. Na san wasu za su yi dariya, su ce me wasa zai koya wa ɗan manomi? To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Ni mutumin Ƙarfi ne, cikin ƙasar Malumfashi. A dogon hutun da ya wuce, yayana da ke karatu a Zariya ya zo gida da ƙaramar kwamfutarsa. A cikinta akwai wani wasa da ake kira Dwarf Fortress, ma'anarsa kagarar wadanni. Wasu 'yan'uwa biyu mutanen Amurka, Tarn Adams da Zach Adams, su ne suka ƙirƙiro shi. Sun fara fitar da shi a 2006, kana aka fitar da sabonsa mai hotuna a watan Disamba na 2022.

Ga yadda wasan yake. Za a ba ka wadanni bakwai da keken kaya ɗaya da 'yan dabbobi, a ajiye ku a dawa, a ce ku kafa gari. Kai ne kamar mai gari. Kai za ka ce wane ya haƙa dutse, wane ya yi noma, wane ya yi ƙira, wane ya sassaƙa itace. Shekara tana juyawa, ayarin fatake yana zuwa ciniki, baƙi suna ƙaurowa, abokan gaba kuma suna kawo hari. Ba a cinye wannan wasa. Iyakacin ƙoƙarinka shi ne garinka ya daɗe bai watse ba.

Garina na farko bai shekara huɗu ba. Da wadannina suka tono zinariya, sai na zuba kowa da kowa a ƙira, ana ta ƙera kofuna da kayan ado. Ina kallon lissafin dukiya yana hawa, ina murna. Ban ware juji ba, ban haƙa rijiya ba, ban yi sabulu ko ɗaya ba. Ba a jima ba sai ragowar abinci da mushen dabbobi suka fara ruɓewa a cikin ramuka, wani turnuƙun ɗoyi mai launin shuni ya cika ɗakuna, jama'a suka shiga ɓacin rai. Ana cikin haka sai dodanni suka kawo yaƙi. Mun kore su da ƙyar, amma waɗanda aka ji wa rauni ba a sami ruwa mai kyau da sabulun wanke miki ba, sai miki ya rure suka mutu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwansu suka haukace don baƙin ciki, suka far wa juna. Zinariya tana nan jibge, babu mai ɗauka.

Na ce, "Yaya, wannan wasa zalunci ne." Ya yi dariya ya ce, "A'a ƙanena, kai ne ka gina rumbu ka manta da salga. Sake sabon gari, amma ka riƙa rubuta abin da ka gani." Abin da na rubuta ke nan na kawo muku, na kuma kwatanta shi da zamanmu na gida.

Darasi na farko: ka san abin da ka mallaka. A cikin wasan, idan ba ka naɗa ma'aji ka ba shi ɗaki da kujera ba, ba za ka san ainihin yawan abincinka ba, sai dai kintace. Mai kintace kuwa yunwa takan zo masa ba sallama. Haka abin yake a gidajenmu. Allah Ya albarkaci ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da masara da dawa da auduga da waken soya. Amma magidanta nawa ne suke zama da kaka su lissafa buhu nawa iyali za su ci kafin wata kakar? Da yawa sukan kwashe amfanin gona su kai kasuwar Funtuwa ko ta Ɗandume lokacin da hatsi yake arha, kana su dawo su saye shi da tsada a tsakiyar damina. Kyakkyawan tsari shi ne a fara fitar da zakka, watau kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, sai a ware ci, a ware iri, a ware na taki da na lalura. Abin da ya ragu shi ne na kasuwa. Mu da muka iya lissafi, wannan aikinmu ne, littafi ɗaya da alkalami sun isa.

Darasi na biyu: dukiyar da ba a adana ba, rabon ƙwari ce. A cikin wasan, abincin da aka bari a ƙasa ɓeraye da ƙwari suna cinye shi ko ya ruɓe, don haka dole a zuba shi cikin ganguna, a kuma ajiye kyanwa. Kakanninmu sun riga masu wasan sanin wannan. Shi ya sa suke ɗora rumbu a kan duwatsu, domin kada laima da gara su kai gare shi, su kuma rufe shi da jinka. Masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana haifar da guba mai lahanta hanta. Wake kuma yanzu akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ciki sai ya mutu ba tare da an barbaɗa maganin da zai cuci mai ci ba.

Darasi na uku: dukiya tana kiran baƙi, na kirki da na banza. Dokar wasan ita ce, gwargwadon ƙaruwar dukiyarka da jama'arka, gwargwadon yadda labarinka zai bazu. Masu sana'a za su ƙauro, fatake za su ƙaru, amma ɓarayi da mayaƙa su ma za su ji. Saboda haka mai hankali ba ya barin dukiyarsa ta girmi ganuwarsa. Da na ga haka sai na gane dalilin da ya sa mutanen da suka kewaye Katsina da Kano da Zariya da ganuwa. Mu ma a kudancin Katsina ba sai an ba mu labarin mahara ba. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai 'yan'uwanmu fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, kafin Allah Ya kuɓutar da su. A nan kam rayuwa ta fi wasa ɗaci, gama mahara ba su ƙyale talaka ba, kuma wanda aka zalunta ba shi da laifi. Duk da haka akwai abin koyi. Rufin asiri ya fi fankama, bai kamata yaro ya zauna a dandali yana faɗin buhunan ubansa ba, kuma tsaron gari aikin taro ne da haɗin kai da hukuma.

Darasi na huɗu, wanda ya fi duka girma: tsabta ita ce mai gadin dukiya. A garina na biyu, kafin in taɓa zinariya sai da na ware juji a waje inda iska take, na haƙa rijiya a kan ruwa mai kyau, na ware maƙabarta, na gina ɗakin magani. Sa'an nan na sa aka yi sabulu. A cikin wasan ana ƙona itace a sami toka, a tace ruwan toka, a haɗa da kitse. Kakata tana zaune kusa tana kaɗi, da na bayyana mata sai ta riƙe baki ta ce, "Yau ga abin mamaki! Ai sabulun salo ke nan. Mu da muka yi shekara da shekaru muna yinsa da tokar kara da mai, shi ne sai da Bature ya sa shi a na'ura za ka gane darajarsa?" Na rasa abin da zan ce mata. Wannan gari na biyu ya shekara goma sha ɗaya yana tsaye.

Sai dai akwai abin da wasan bai koyar ba, domin wadanninsa ba sa zagayawa bayan gida, saboda haka babu ruwansu da salga. Wannan darasin a gida na koye shi, kuma da tsada. Cikin wannan hutu, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka kwana ana yi, ƙanwata 'yar shekara huɗu ta kamu da amai da gudawa. Kafin azahar idanunta sun faɗa, ta kasa ko kuka. Na tuna abin da malamin kimiyya ya koya mana, na tafasa ruwa lita ɗaya, na bar shi ya huce, na zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Inna tana ba ta kaɗan kaɗan har muka isa asibiti, inda aka ƙara mata ruwa. Kwananta uku aka sallame mu. Ma'aikacin lafiya ya tambayi Baba tazarar da ke tsakanin rijiyarmu da salga. Da muka dawo na auna, taku goma sha biyu ne kacal, ga bakin rijiyar ya zube, ruwan tsakar gida yana gangarawa ciki. Alhali kuwa masana lafiya sun ce a bar tazarar kamar mita 30, salga kuma ta kasance ta gangare.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun a 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin annobar kwalara a wata unguwa ta birnin Landan, ya gano cewa masu mutuwa daga famfo ɗaya suke shan ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. A nan Nijeriya cutar ta yi ɓarna a 1991 da 2010, kana a 2021 ta kama mutane fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya shafa. Dattawa suna ba da labarin zamanin duba-gari, wanda yake shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, mai ƙazanta kuma a ci shi tara. Yau bai kamata mu jira sai an zo an leƙa randarmu ba.

Da kaka ta yi, Allah Ya ba Baba masara buhu arba'in. Da na zo hutun Disamba sai na ji yana shawarar sayen sabon babur, ga kuwa tsohon yana tafiya. Abin ya dame ni, amma ɗa ba ya tsayawa gaban mahaifinsa ya gyara masa shawara. Sai na tafi wajen kakata da littafina, na nuna mata lissafin abin da jinyar kwana uku ta ci, da abin da gyaran rijiya zai ci. Da dare ta kira shi ta ce, "Malam, babur ba ya gudu, yana nan a kasuwa har baɗi. Amma 'yar nan da muka kusa rasawa, a wace kasuwa za ka sayo wata?" Baba ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiyarki, Iya." Aka sayar da buhu biyar, aka ɗaure bakin rijiya da siminti, aka yi mata murfi, aka rataye guga a kan maƙali maimakon a yar da shi a ƙasa. Aka cike tsohuwar salga, aka haƙa sabuwa can ƙarshen gida ta wajen garka, aka ajiye buta da sabulu a ƙofarta. Maƙwabta biyu da suka gani su ma suka gyara nasu.

To, 'yan'uwa, makarantar kwana ita ma ƙaramin gari ce. Ɗakin kwananmu da ɗakin cin abinci da bayan gida duk na tarayya ne, ciwon mutum ɗaya kuwa yakan zagaye ɗaki kafin mako. Wanda ya ƙi wanke hannu da sabulu bayan ya zagaya, ko ya tsoma ƙazamin kofi a cikin tulun taro, ko ya ɓuya ranar duba tsabta, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Haka kuma wanda ya cinye garin kwakinsa da ƙuliƙulinsa da kuɗin guzurinsa a makon farko, shi ne mai yawon roƙo a makon ƙarshe.

Ban ce ku bar karatu ku koma wasa ba. Ni ma sai da Baba ya tsawata mini a kan daɗewa gaban na'ura alhali ga ciyawa a gona, kuma yana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, komai aka duba da idon basira akwai ilmi a cikinsa. Ku tuna kuma, a cikin wasa idan gari ya watse sai a danna a sake sabo, amma da mun rasa ƙanwata babu abin da zan danna ta dawo.

A ƙarshe ina kira ga kowane ɗalibi, idan ya koma gida hutu, ya auna tazarar rijiyarsu da salga, ya leƙa rumbu, ya taimaki mahaifinsa da lissafi, cikin ladabi da biyayya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya albarkaci gonakinmu, Ya sa mu amfani iyayenmu da ƙasarmu, amin.