Abdulayi Mamani, marubucin Sarauniya

An haifi Abdulayi Mamani a Gudumariya, can gabashin ƙasar Nijar, cikin shekara ta 1932. A Damagaram ya yi zamansa. Tun yana saurayi ya shiga siyasa cikin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, har aka zaɓe shi ɗan majalisa. Da gwamnati ta hana Sawaba a shekara ta 1959, sai zaman gida ya gagare shi. Ya yi shekaru yana gudun hijira a ƙasashen Gana da Mali da Aljeriya. Can ne ya duƙufa ga rubutu. Littafinsa na waƙoƙi, Poémérides, ya fito a 1972.

Ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, amma bai daɗe ba aka kama shi, aka tsare shi a kurkuku. Duk da haka bai aje alƙalami ba. A shekara ta 1980 ya fito da littafin da ya ɗaukaka sunansa, wato Sarraounia.

Littafin yana ba da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wani ƙauyen Azna kusa da Dogon Dutsi. A shekara ta 1899 rundunar Faransa ta ratsa ƙasar Hausa, Voulet da Chanoine suna jan ta. Sun ƙone garuruwa, sun kashe mutane masu yawa, musamman a Birnin Kwanni. Sarakuna da dama sun miƙa wuya, amma Sarauniya ta ƙi. Mutanenta sun yi yaƙi da baka da kibiya, sannan suka shige daji. Cikin watan Yuli na shekarar nan, sojojin Voulet da Chanoine suka kashe su da kansu. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa, nan cikin jihar Maradi.

Takardun Turawa ba su ce komai mai yawa ba game da Sarauniya. A bakin tsofaffi labarinta ya zauna. Mamani ya ɗauko shi, ya ƙara abin da tunaninsa ya ba shi, ya mai da shi littafi. Saboda haka ba duk abin da ke cikinsa ne ya faru ba: littafin hikaya ne da aka gina bisa tarihi.

Daga baya Med Hondo, wani mai shirya fim ɗan Moritaniya, ya so ya mai da littafin fim. Su biyu suka sake tsara labarin. Wannan aiki dabam yake da rubuta littafi. Mai tsara labarin fim yakan yanka labari gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa sai ya faɗi wuri da lokaci, da abin da ido zai gani, da maganar da kowane ɗan wasa zai yi. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, ya fito a 1986. A 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO, taron finafinan Afirka na Wagadugu.

Mamani ya rasu a 1993, cikin haɗarin mota, yana kan hanyar Yamai don karɓar kyautar Bubu Hama. Yau ɗan makaranta a Dakwaro ya san sunan Sarauniya, haka ma wanda ke Dakar ko Faris.

Tambayoyi
1. Me ya sa Mamani ya bar ƙasarsa?
2. A ina labarin Sarauniya ya zauna kafin a rubuta shi?
3. Mene ne aikin mai tsara labarin fim?

Aikin gida
Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa labarin kafuwar garinku. Ku rubuta shi da Hausa cikin layi 10, ku kawo aji.