Farfesa Osuntokun da Gigin Tsufa

Hutun da ya wuce da na koma gida Wara, na durƙusa na gai da kakata, sai ta dube ni ta ce, "Wannan ɗan wa ne?" Ita ce fa ta goye ni. Amma in ka tambaye ta labarin tsohon ƙauyensu wanda ruwan Kainji ya cinye a 1968, sai ta lissafa maka shi gida-gida, har da tsamiyar da ke bakin mashigi. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne. Wasu kuwa, abin da ya fi ƙona mini rai, har sun fara raɗe-raɗin maita.

Da muka dawo makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya zancen. Shi ne ya ba ni labarin wani likita ɗan ƙasarmu, Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

An haife shi a Okemesi ta ƙasar Ekiti a 1935, ya yi karatun likita a Ibadan. Aikin da ya fara fito da sunansa ya shafe mu ƙwarai da gaske, don kuwa a kan rogo ne. A wajen Epe, kusa da Ikko, akwai mutane da yawa masu tafiya suna tangaɗi, ganinsu ya ragu, jinsu ya yi nauyi. Ya auna jininsu, ya tarar da alamar wata guba da ake kira sayanaid, wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Watau in mutum ya shekara da shekaru ba shi da abinci sai rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba, gubar nan sai ta riƙa cin jijiyoyinsa a hankali. Ashe iyayenmu mata da ke barin rogo cikin ruwa kwana da kwanaki ba lalaci ba ne.

Sa'an nan ya juya ga mantuwar tsofaffi. Tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana cutar da ake kira da sunansa. A 1976 masana a Ingila da Sikotilan suka gano cewa ƙwaƙwalwar masu ita tana ƙarancin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Wurin da ke ajiye sabon abu shi ne ke fara lalacewa, shi ya sa kakata ta san 1968 amma ba ta san ko ta karya kumallo ba.

A 1992 Osuntokun da wani abokin aikinsa, Hugh Hendrie, suka fara gwada tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatan birnin Indiyanafolis na Amurka, duk 'yan shekara 65 zuwa sama, fiye da mutum 2,000 a kowane gari. Sakamakon da ya fito a 1995 ya ba mutane mamaki. A Ibadan kimanin mutum 2 cikin 100 ke da gigin tsufa, a can kuwa kimanin 8. Ga shi asali ya yi kusa, amma abinci da zaman duniya sun bambanta. Wannan ya sa masana suka ƙara mai da hankali ga hawan jini da kitsen jini da irin cimar mutane, ba gado kaɗai ba.

Bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu cikin wannan shekara ta 1995. Almajirinsa Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da shi shekaru masu yawa.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar ba, sai dai masu sassauta ta na ɗan lokaci. Na rubuta wa babana takarda na roƙe shi a kai ta asibiti a auna jininta, kuma a daina barinta ta sauka bakin ruwa ita kaɗai, don takan ce za ta koma gida, gidan kuwa yana ƙarƙashin tafki.