Yadda Ake Zaɓen Tomahok na Fari Don Zango da Aikin Yau da Kullum

Tomahok wani ɗan gatari ne marar nauyi mai doguwar ƙota, wanda asalinsa Amurka ta Arewa ne. A zamanin nan masu yawon daji da mafarauta da masu kwana a tanti su ne suka fi sayensa. Amma kasuwa ta cika da iri-iri, waɗansu na aiki, waɗansu na ado kurum, har wanda bai taɓa riƙe shi ba yakan ruɗe, ya zub da kuɗinsa a kan abin da zai karye masa a tsakiyar daji. Wannan darasi zai nuna abin da ya kamata a duba kafin a saya.

Asalinsa

Sunan ya fito ne daga harshen Powhatan, mutanen da Ingilishi suka tarar a Bajiniya sa'ad da suka kafa garin Jamestown a 1607. Da fari da dutse ake yin kansa. Da fataken Ingila da Faransa suka zo neman fatun namun daji, sai suka riƙa kawo kawunan ƙarfe suna musaya da su. Sau da yawa kan kaɗai ake kawowa, wanda ya saya shi zai sassaƙa ƙota da kansa.

Darajar wannan ƙarfe ba ƙarama ba ce a wancan lokaci. Cikin hunturun 1804 zuwa 1805, ayarin Lewis da Clark ya yi zango kusa da ƙauyukan Mandan a bakin kogin Misuri. Maƙerin ayarin, John Shields, ya riƙa ƙera gatura yana gyaran kayan ƙarfe, mutanen wurin suna biya da masara, ayarin kuwa yana ci.

Bambancinsa da Sauran Gatura

Gatarin da maƙeranmu ke yi yana da tsini a baya, wanda ake sokawa cikin kan ƙota. Gatarin Turawa kuwa ana cusa masa ƙota ne cikin huda, a buga mata 'yar katako ta matse har abada. Tomahok ya fi kama da diga. Hudarsa, wadda maƙeran can ke kira ido, ta fi faɗi daga sama, ƙotar kuma ta fi kauri a ƙarshenta na sama. Ana zura kan ta wajen mariƙi, ya gangara har ya cije a wurin mai kauri. Duk saran da aka yi, ƙara matse shi yake yi, don haka da wuya kan ya fice ya tashi.

Wannan shi ne babban amfaninsa ga matafiyi. In ƙota ta karye a daji, sai a sami reshe mai ƙwari, a fiƙe shi da kan gatarin, a zura. Ana kuma iya cire kan a sa shi cikin jaka, ko a riƙe shi a hannu a yi fiɗa ko kankara da shi.

Amma lalle mai saye ya san iyakarsa. Tomahok yana sare rassa, yana fiƙe turaku, yana tsaga ƙirare. Ba ya faskara babban gungume, don ruwansa siriri ne, sai ya nutse cikin itace ya maƙale. Wanda aikinsa faskare ne, ya nemi babban gatari.

Abubuwa Biyar da Za a Duba

1. Ƙarfe. A nemi wanda aka ƙera da wuta da guduma, aka kuma ƙarfafa bakinsa. Masu sauƙin kuɗi na kirki galibi ana rubuta musu lamba 1055, watau ƙarfe mai ɗauke da kabon wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Irin wannan yana jure duka, yana kuma wasuwa da magagari. Aibinsa ɗaya ne, yana tsatsa in an bar shi da laima. A guji mai walƙiya wanda ba a faɗi irin ƙarfensa ba.

2. Nauyi. Ga mai koyo, kan da ya kai laba ɗaya, watau kusan rabin kilo, ya isa. Wanda ya fi haka ƙwarai yana gajiyar da hannu, gajiyayyen hannu kuwa shi ke kuskuren sara.

3. Ƙota. Tsawonta ya kasance tsakanin inci 18 da 22. A Amurka da itacen hikori aka fi yin ta, saboda yana da ƙwari kuma yana shanye girgizar sara. A dubi ƙarshenta: jijiyoyin itacen su bi layi ɗaya da bakin gatarin, kada su gicciye shi. Kada a karɓi mai ƙulli ko tsaga. A ƙasashenmu inda babu hikori, aduwa da marke, waɗanda aka saba yin ƙota da su, suna iya maye gurbinta.

4. Ido. A riƙe kan a jijjiga shi. In yana rawa kaɗan, ana iya goge ƙotar har ta zauna daidai. In idon kansa ya karkace, har bakin gatarin bai daidaita da ƙota ba, wannan ba shi da magani, a ajiye shi.

5. Ƙeya. Akwai mai ƙeyar guduma, da mai tsini, da mai lofe. Mai guduma shi ne na zango, don da shi ake kafa turakun tanti. Mai tsini kayan faɗa ne, kuma duk lokacin da aka ɗaga shi tsinin yana fuskantar mai sara. Mai lofe, wanda ya bayyana a farkon ƙarni na 18, ana shan taba da shi, ana kuma ba da shi kyauta wajen ƙulla alkawari. Ƙotarsa rarakakkiya ce, ba ta jure aiki.

Maganar Kuɗi

An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ado ba shi ake nema a tomahok na fari ba. Mai koyo zai sari dutse, zai ɓata baki wajen koyon wasawa, zai yiwu ya karya ƙota. Ya fi kyau wannan ya auku a kan mai sauƙin kuɗi.

Cikin waɗanda aka sani akwai Trail Hawk na kamfanin Cold Steel, mai ƙotar hikori inci 22 da ƙeyar guduma. Akwai kuma Woods Chogan na kamfanin CRKT, mai ƙota wajen inci 19, wanda ya fi shi nauyi. Dukansu da ƙarfen 1055 aka yi su. Kamfanin Estwing na Ilinoi yana yin nasa da ƙarfe guda tun daga kai har mariƙi. Wannan ba ya karyewa da sauƙi, sai dai ba a cire kansa. Wanda maƙeri ya ƙera da hannu yakan ninka waɗannan kuɗi sau da yawa, ya fi dacewa da wanda ya riga ya san abin da yake so.

Mai saye ya rage wani abu cikin kuɗinsa don kube na fata, da magagari, da dutsen wasa wuƙa, gama masu araha ba kullum suke zuwa da kube ba.

Gyara da Tsaro

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon tomahok yakan zo da dakusasshen baki da ƙota mai santsin fenti. Tun a gida za a wasa shi, a kankare fentin, a shafa wa itacen mai, a shafa wa ƙarfen ma. In akwai 'yar ƙusa mai murɗi a gefen ido, da yawa sukan cire ta, don tana cin itacen.

Wajen sara, mutum ya durƙusa, ya ɗora itacen bisa gungume, yadda in saran ya kuɓuce zai faɗa kan gungumen maimakon ƙafarsa. Kada kowa ya tsaya kusa. Kada a yi sara da duhu. Rauni a ƙauri nesa da asibiti babban al'amari ne. Jifa da tomahok wasa ne sananne a Amurka, amma shi ya fi kome karya ƙota, don haka na zango ba na jifa ba ne.

A gandun dajin gwamnati, a Amurka ko a nan, ba a sare itace mai rai sai da izini. Busasshen da ya faɗi ƙasa ya ishi wutar dare, inda doka ta yarda a tsinta. Mai tafiya a jirgin sama kuma ya sa shi cikin kayan awo, ba a shiga da shi a hannu.

Tambayoyi

1. Ta yaya haɗin kan tomahok da ƙota ya bambanta da na gatarin maƙeranmu?
2. Wane aiki ne bai dace da tomahok ba, kuma don me?
3. Wace irin ƙeya ce ta fi amfani a zango?
4. Wane aibi ne a ido ba ya gyaruwa?