Darasin Kasuwa: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Karanta Farashin Mai

Jama'a 'yan kasuwa, darasinmu na yau a kan mai ne. Ko ba ka da mota, farashinsa yana cikin buhun gerenka, domin motar da ta ɗauko shi daga ƙauye zuwa Dawanau mai ta sha. Abubuwa huɗu mu ke so ku riƙa dubawa.

Na farko, matata. Ɗanyen mai da ganga a ke auna shi, ganga guda kuwa lita 159 ce. A matata a ke dafa shi, a fid da fetur da kananzir da gas da kwalta. Gwamnatin Nijeriya tana da matatu huɗu: tsohuwar Fatakwal ta 1965, ta Warri 1978, ta Kaduna 1980, da sabuwar Fatakwal 1989. A takarda, su duka za su tace ganga 445,000 a rana. Amma fa sun yi shekaru a kwance, sai ƙasa mai haƙo mai ta koma sayen tatacce daga waje. Tsohuwar Fatakwal ta tashi a Nuwamba 2024, aka sake rufe ta a Mayu 2025. Matatar Dangote ta Ikko, wadda aka gina don ganga 650,000 a rana, ta soma fid da gas a farkon 2024, fetur kuma a Satumba na shekarar. Watau yanzu in ta sauya farashi a ƙofarta, gidajen mai su kan bi baya.

Na biyu, dala. Ɗanyen mai da dala a ke yi masa kuɗi a kasuwar duniya, ko da a gida aka tace shi. In naira ta faɗi, lita ta hau. Dā gwamnati ita ke cike gurbin, shi ne tallafi. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500.

Na uku, nisa. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashi, wanda ke biyan kuɗin dakon mai don Ikko da Maiduguri su saya kuɗi ɗaya. Da aka saki farashi, dako ya koma wuyan mai saye. Tanka daga bakin teku ta ke tasowa, ta yi kwanaki a hanya. Shi ya sa litar Arewa ta fi ta Kudu tsada.

Na huɗu, iyaka. Nijar tana da matatar Soraz kusa da Damagaram, Cadi tana da ta Jarmaya, dukansu na 2011, kowace ganga 20,000 a rana. Ta Kamaru a Limbe ta yi gobara a 2019. Lokacin tallafi, man Nijeriya mai araha ya riƙa tsallakawa cikin jarkoki zuwa Maraɗi da Ƙonni. Da ya yi tsada, hanyar ta ragu, nauyi ya faɗa kan Soraz, har aka yi dogayen layuka a Yamai a Maris 2025. Ƙa'idar ke nan: mai yana bin inda ya fi tsada.

To, mene ne abin yi? Ka sami littafi, kowace ranar kasuwa ka rubuta abu uku: kuɗin litar gas a garinku, canjin dala, da kuɗin dakon buhu ɗaya. Gas mu ka ce, don shi manyan motoci da injin niƙa ke sha. In ka ga biyun farko sun hau, ka san na uku yana tafe. Kada ka yi alkawarin kai kaya nesa a kan tsohon farashi, sai ka ji ta bakin direba tukuna. In kuwa sun sauka, kada ka tara kayan da aka yi dakonsu da tsada.

Sai darasi na gaba.