Ƙura ta koma kura a littafin wani dattijo

Wata Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ina cikin kwance wata firinta sai ga wani dattijo ya yi sallama, jikansa na biye da shi rungume da laftof da aka naɗe cikin sallaya. Daga Kurfi suka taso tun da sassafe. Tsohon hedimasta ne, ya daɗe da yin ritaya. Bayan mun gaisa na ba shi kujera, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba, ya ce, "Ɗana, an ce kai ka san kan rubutun Hausa a cikin injin nan. Duba mani, ƙugiyoyina sun tafi."

Shekara 9 ya yi yana rubuta littafi ɗaya. Tarihin ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ne, har da Shema inda aka yanke mani cibiya: wa ya fara saran daji, ina aka haƙa rijiyar farko, sunayen fadamu da tsofaffin hanyoyin fatake, da kalmomin noma da kiwo waɗanda yaran yanzu ba su taɓa ji ba. A kan babur ya riƙa bin tsofaffi yana tambaya yana rubutawa a littafin makaranta, in ya dawo gida da dare ya zauna ya buga da yatsa biyu. Shafi 300 da 'yan kai. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba shi labarin sun riga mu gidan gaskiya.

Na buɗe fayil ɗin. Babu ƙ ko ɗaya, babu ɗ, babu ɓ, tun daga shafin farko har na ƙarshe. Inda ya rubuta cewa ƙura ta taso daga yamma, mutanen gari suka gane ayari ya iso, yanzu kura ce ta taso. Baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa, matar da ta shiga ɗaka yanzu daka ta shiga, mutumin da ƙishi ya kashe a daji yanzu kishi ne ya kashe shi. Na juya na tambayi yaron, "Wa ya taɓa ta?"

Ashe nauyi kawai kwamfutar ta fara yi. Jikan ya ɗauka ya kai wa wani mai tura waƙoƙi da finafinai a waya, wanda ya ƙara rubuta gyaran kwamfuta a jikin allon shagonsa. Shi kuwa magani ɗaya ya sani ga kowace cuta, fomatin. Ya kwashe takardu a filash, ya share komai, ya ɗora sabon Windows, ya mayar da takardun, bai ko leƙa jakar font ba. Da aka buɗe littafin sai ga } da ] da ~ sun cika shafi: }asa, ]aya, ~arawo. Duk wanda ya yi ko da shekara biyu a wannan sana'a a ƙasar Hausa ya san ma'anar haka. Da font ɗin Rabi'at aka buga rubutun, font ɗin kuma ya tafi da fomatin. Rubutun yana nan lafiya lau, aikin minti biyu ne. Amma mai shagon nan sai ya ce wai bairos ne ya ci fayil, ya karɓi ƙarin kuɗi, ya danna Ctrl da H, ya mayar da kowane } ya koma k, kowane ] ya koma d, kowane ~ ya koma b. Manyan baƙaƙen ma haka ya yi musu. Ya yi sebin a kan fayil ɗin asali. Filash ɗin kuma ya goge shi a ranar, ya zuba wa wani finafinai.

Garin neman gira aka rasa ido. Kwana biyu na yi ina tonon hadis ɗin kwamfutar ko zan tsinci tsohon kwafi, amma sabon Windows ya riga ya zauna a kansa. Abin da muka tsira da shi kawai wani kwafi ne mai shafi 40, wanda Baba ya taɓa tura wa ɗansa ta imel shekarun baya.

Na karɓi lambar mai shagon na kira shi. Ban ɗaga murya ba, tambayarsa kawai na yi me ya sa bai ajiye kwafi ba kafin ya sa hannu. Ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, Bahaushe zai gane." Wannan maganar ce har yau take ci mani rai. In hirar WhatsApp ce, gaskiya ne, za a gane, mun saba da cinko. To, sunan fadamar da mai karatu bai taɓa ji ba fa? Tsohuwar kalmar kiwo da babu ita a bakin kowa yanzu fa? Ta ina zai gane? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka koyi ɗora Windows a mako guda, ka rubuta injiniya a ƙofar shago, mutane su riƙa miƙa maka wahalar shekaru kana wasa da ita.

Kada wani ya ɗora laifin a kan font ɗin. A shekarun 1990, lokacin da fitar da ƙugiya a kwamfuta ke da wuya, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro Rabi'at da Abdalla, kuma da su aka buga littattafai da jaridu da kundayen ɗalibai masu ɗimbin yawa. Hidima ce babba. Sai dai dabarar aro ce: an ari gurbin baka-biyu da 'yan uwansu an zana haruffa masu ƙugiya a kai. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa } ta riƙe a cikinta. Duk inda fayil ya je font bai bi shi ba, asiri ya tonu. Yau kuwa kowane harafi yana da lambarsa a Unicode: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, manyansu 0198 da 018A da 0181. A Word ka buga lambar ka danna Alt da X, harafin ya fito. Ba ma sai ka sha wannan wahalar ba, tun daga Windows 7 akwai kibod na Hausa a ciki. Ka ƙara shi a wurin saitin harshe, ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b. A waya Gboard na da Hausa. Masu buga takardu da hannunsu ya saba da gurbin Rabi'at, ba sai sun sake koyo ba. Na sha shirya musu kibod da Keyman ko da Microsoft Keyboard Layout Creator, madannan suna nan inda yatsa ya saba, amma abin da ke fita harafi ne na gaskiya, wanda zai buɗu a kowace na'ura.

Da a ce fayil ɗin Baba ya iso hannuna da alamominsa, sauyi shida zan yi a kan kwafi, in duba wuraren da baka-biyu ta gaskiya take, shi ke nan ya koma Kurfi kafin azahar. Maimakon haka Laraba 11 ya yi yana zuwa. Yana karantawa da ƙarfi, ni ina gyarawa, layi bayan layi. Littattafan da ya rubuta da hannu mun nemo su, amma gara ta ci uku daga ciki, don tun da ya buga a kwamfuta ya ɗauka an wuce wurin. Wata rana muka iso kan sunan wata fadama. Ya faɗe shi da k, ya sake faɗa da ƙ, ya rufe ido ya sake maimaitawa a hankali. Can ya ce, "Sau ɗaya na ji shi, wanda ya faɗa mani kuma ya rasu bara waccan. Sa alama mu wuce, ɗana." Da muka gama, irin waɗannan alamun sun haura 20.

Su ma masu kawo aiki suna da nasu laifin, kuma na gaya wa Baba haka cikin ladabi. Shekara 9 a fayil ɗaya, a na'ura ɗaya! Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a garin nan a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, aikin buga takardu ya yawaita, shagunan gyara suka tsiro ko'ina, na kirki da na bogi. Kullum sai na ga mai kundi ya shigo a guje ana gobe miƙawa, filash ɗaya tal a hannu, cike da bairos, ya buga babi biyu da Rabi'at, babi biyu ya kwafo daga waya, na ƙarshe babu ƙugiya sam, yana so in haɗa masa cikin awa guda. Ka ajiye kwafi. Ka tura wa kanka ta imel duk ranar da ka ƙara shafi. In za ka kai bugu, ka mayar da shi PDF tun a kwamfutarka, ka buɗe ka duba ƙugiyoyin da idonka. Littafin hannu kuma kada ka yar.

Akwai kuma masu sayen laftof na hannu su zo suna cewa kibod ya lalace, don sun danna @ alamar zance ta fito. Lafiyarsa ƙalau, an saita shi ne a tsarin Ingila maimakon na Amurka. Na Jamus Y da Z ne a juye, na Faransa da AZERTY yake farawa. Na ga wanda aka canza wa kibod sukutum aka caje shi saboda wannan, ya koma gida matsalar na nan. Ka kashe gyaran kai-tsaye na Turanci in Hausa kake bugawa, ka lura da yadda Word ke juya waƙafin 'yan da 'ya'ya. Windows 7 ya daina samun kariya tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa Oktoban 2025, amma kafin ka bari a ɗora maka sabo, ka tambaya ko tsohuwar firintarka za ta yi aiki da shi. Kuma a kwashe font, a kwashe font kafin fomatin.

'Yan uwana masu gyara, ku ji da kyau. Nauyin kwamfuta ba dalilin fomatin ba ne. Alamar da ba ka gane ba, kada ka goge ta, ka tambayi wanda ya riga ka. Kada ka taɓa fayil ɗin asali, yi kwafi ka yi aiki a kansa. Filash ɗin da ka kwashe kayan mutum, ka riƙe shi har ya buɗe komai ya ce ya gamsu. In ba ka iya ba, ka ce ban iya ba.

Baba ya ce haka zai buga littafin, da alamunsa, ko Allah zai sa wani mai karatu daga ƙauyukan nan ya san yadda ake faɗin sunayen.