Kafin ka kai kuɗinka kasuwar waya

Ɗana, mahaifiyarka ta ce ka ɗan tara kuɗi, kana son wayar da za ta zame maka kwamfutar aljihu, ka yi karatu da ita, ka kuma sha iska idan ka gaji. Na ji daɗi ƙwarai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka gara hannunka ya saba. Amma zauna tukuna mu yi magana kafin ka nufi kasuwar waya ta Farm Centre.

Da ka shiga shago, bayan wayar za a fara juya maka, ka ga idanun kyamara uku a jere. Kada su ruɗe ka. A waya mai araha, galibi ido ɗaya ne ke aikin kirki. Kai batir za ka fara tambaya, kada ya gaza 5000mAh. Ka san halin wutarmu, kuma kuɗin da za ka riƙa ba mai caji kullum, da shi gara ka sayi data.

Sai RAM, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ɗauki ma'ajiyar waya a matsayin akwatin littattafanka, RAM kuwa tabarmar da kake baza su idan za ka yi karatu. Komai girman akwati, in tabarmar ƙarama ce, sai ka naɗe wannan littafi kafin ka buɗe wancan. Shi ya sa za ka ga waya tana sandarewa da zarar an buɗe PDF da WhatsApp tare. Nemi 4GB na gaske. Na ce na gaske domin za ka ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe a kwali, a ƙasa kuma 4+4 da ƙanana. Huɗun na biyu aro ne daga ma'ajiya, ba ya da saurin na asali. Ma'ajiyar kuwa 64GB za ta riƙe ka, 128GB ta fi, kuma ka duba akwai gurbin memori.

Maganar suna ba ta dame ni sosai ba. Tecno, Infinix da Itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin. Akwai Redmi, akwai ƙananan Samsung. Abin da nake yi shi ne, kafin in biya, sai in leƙa wurin mai gyara in tambaye shi nawa ne gilashin wannan wayar idan ya fashe, kuma ana samunsa? Amsarsa ta fi ta mai shago amfani, don shi ne ke ganin su bayan sun sha wuya.

Idan ta hannu za ka saya, danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka tabbata ita aka rubuta a rasit. Wanda ya hana ka rasit, bar masa kayansa. Wayar sata ta kai yaran kirki ofishin 'yan sanda. Haka nan biyan kaɗan-kaɗan ɗin nan, ina roƙonka ka haƙura da shi. Kuɗin ya fi yawa a ƙarshe, kuma ranar da ka makara da biya wayar kulle kanta take yi, ko da gobe ne jarrabawa.

Ban hana ka kallon ƙwallo ko fim ba, mu ma mun yi zaman rediyo har tsakar dare. Sai dai ka sauke darussa da tsofaffin tambayoyi su zauna a cikin wayar, lokacin karatu ka kashe data, don kada saƙonni su yi ta ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ranar Asabar ka biyo ta gida bayan La'asar. Zan cika maka abin da ya rage, mu tafi tare, ka ga yadda ake ciniki.