Ba Kowane Magani Ake Haɗawa a Ƙarin Ruwa Ba

'Yan'uwa ɗalibai, a darasin kimiyya mun ga yadda ruwa biyu garai-garai kan haɗu su yi gudaji. Haka ma yakan faru a ledar ƙarin ruwa. Allurar seftiriyazon, in ta gamu da ruwa mai sinadarin kalsiyam, takan zama tsaki-tsaki da ke taruwa a huhu da ƙoda. Jarirai sun rasu ta haka, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2007. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, shi ma ba ya jituwa da ruwan sukari, sai na gishiri.

Don haka in muna jinyar ɗan'uwa, kada mu matsa wa nas ta zuba allurai duka a leda ɗaya don a gama da wuri. In ruwan ya gurɓace, mu kira ta nan take.